Yadda Ake Kallon Agwagin Ruwa a Dagona Lokacin Hunturu

Da zarar ruwan damina ya fara janyewa daga fadamun Haɗeja da Nguru, wajen watan Oktoba, sai baƙi su fara sauka a kansu. Agwagi ne da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa waɗanda suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe a Rasha da ƙasashen Turai. Da sanyi ya matso sai suka kamo hanyar kudu, suka ƙetare Bahar Rum, suka ƙetare Sahara. Ruwa mai yalwa na farko da suke tararwa shi ne na bakin hamada: mashigar kogin Senegal, fadamun kogin Neja a Mali, da kwarin Tafkin Chadi, wanda fadamun nan namu suke cikinsa. Tare da mu suke cin hunturu, sai Maris zuwa Afrilu su juya gida.

Wurin da aka keɓe musu shi ne Dagona, a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa. Tafki ne da ya samu daga tsohuwar gwiwar kogi, bagaruwa da giyayya da goruba sun kewaye shi. Yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Kwarin Chadi da aka kafa a 1991, kuma a 2008 aka saka shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, tare da Baturiya ta jihar Jigawa. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun riga su shiga tun 2000, su ne ma na farko a Najeriya.

Akwai abin da nake so ka riƙe tun kafin ka ɗaura takalmi. Agwagwar da ta ƙetare hamada, da kitsen jikinta ta ƙetare, kuma kafin Maris dole ta sake tara wani na komawa. Duk sanda aka firgita garke ya tashi yana kewaya sama, daga wannan guzurin ake ɗiba. Saboda haka duk matakan da ke tafe a kan abu ɗaya aka gina su: ka gan su sosai, su kuwa su ci gaba da harkarsu kamar ba ka zo ba.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu ne kakar kallo, Janairu kuma ya fi. A Oktoba da Nuwamba ruwa yana shimfiɗe ko'ina, tsuntsayen sun warwatsu, hanyoyin fadama ba sa biyuwa, mazan agwagin ma ba su gama sake gashi ba, kusan kamarsu ɗaya da matan. Zuwa Janairu ruwa ya tsuke ya koma tafkuna ƙalilan, tsuntsayen sun haɗu wuri guda, mazan sun fara fito da adonsu.

Sai dai shekara ba ta zama ɗaya da 'yar'uwarta. Yawan ruwan fadama ya dogara da damina, da kuma abin da aka sako daga madatsar Tiga da aka gina a 1974 da ta Challawa ta 1992, waɗanda ke riƙe ruwan kogin Haɗeja tun daga jihar Kano. Shekarar da ambaliya ta yi ƙaranci, tafki kan ƙafe da wuri, agwagin su koma wani wajen. Don haka kafin ka shiga mota ka kira wani a Nguru ko Gashuwa ka yi masa tambaya ɗaya: akwai ruwa a tafkin yanzu? In babu, ka juya akalar tafiyar zuwa Tafkin Nguru ko Baturiya.

Ka ba kanka kwana biyu ko uku. Ranar da hazo ya yi kauri ba za ka ga tsallaken tafki ba komai kyan madubinka na hangen nesa, washegari kuma sai gari ya washe.

Mataki na biyu: izini, gaisuwa da sha'anin tsaro

Dagona gandun gwamnatin tarayya ne, ba a faɗa masa kai tsaye. Ka nemi ma'aikatan gandun, ka biya kuɗin shiga, ka karɓi rasit, a haɗa ka da wanda zai raka ka. Ko da ba doka ba ce, ni da kuɗina zan nemi ɗan rakiya, domin shi ya san gaɓar da agwagi suka kwana jiya da inda taɓo ke cin ƙafa.

In kallon zai kai ka gefen wani ƙauye, ka fara da ƙofar bulama ko mai gari. Gaisuwa ce da bayani gajere: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, kallon tsuntsaye muka zo yi, ba farauta ba. In an ba mu izini za mu zauna a bakin ruwa da safe." Yankin na Badawa ne da Mangawa da Hausawa da Fulani, kowa kuma yana jin Hausa. Ka miƙa wa dattijon madubin ya leƙa. Daga nan ba ka da sauran matsala a garin, sau da yawa ma shi zai ce wa yaro ya nuna maka hanya.

Jihar Yobe ta sha fama da rashin tsaro, kowa ya sani. Ka tambayi halin hanya a makon da za ka tafi, ka yi tafiyar da rana, ka riƙe katin shaida. A shingen jami'an tsaro ka faɗi abin da ke cikin jakarka tun kafin a buɗe, musamman in kana ɗauke da dogon madubi da ƙafafunsa na ƙarfe, don daga nesa ana iya ɗaukarsa wani abu dabam. Kada ka ɗaga kyamara ko madubi a kusa da shinge ko gada.

Mataki na uku: kayan aiki

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne jigo. Ka nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu ninki takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske da asuba. Mai 10x42 ma yana yi, amma rawar hannu ta fi fitowa a cikinsa. Ka guji irin na bakin titi masu jan gilashi da aka cika wa manyan lambobi. Kafin ka biya, ka kalli wayar lantarki da shi. In ka ga waya biyu maimakon ɗaya, idanun biyu ba su daidaita ba, ciwon kai kawai zai sa maka.

Dogon madubi mai ƙafa uku yana da amfani ƙwarai a tafki, domin agwagi kan zauna can tsakiya. Yana da tsada, kuma ba dole ba ne a tafiyar farko. In ku huɗu ne, ɗaya ya ishe ku.

Tufafi su zama ruwan ƙasa ko toka-toka ko kore mai duhu. Farar shadda tun daga nesa take sanar da zuwanka. Ka ɗauki rigar sanyi da hula mai rufe kunne, sanyin bakin ruwa da asuba ba irin na cikin gari ba ne. Takalmi rufaffe saboda ƙayar bagaruwa da ƙarangiya. Sai ƙaramar tabarma, ruwan sha, dabino ko ƙuli-ƙuli, man kaɗe na leɓe, littafin rubutu da fensir, da littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma in ka samu. Manhajar Merlin ta gane tsuntsaye kyauta ce, amma ka sauke bayanan yankin a waya tun kana gida, sabis ba shi da tabbas a fadama.

Ƙurar hunturu tana kankare gilashi. Kada ka goge shi da bakin riga. Ka fara hure ƙurar, sannan ka bi da tsumma mai laushi a hankali.

Mataki na huɗu: saita madubin tun a gida

Ka lanƙwasa ɓangarorin biyu har abin da kake gani ya zama da'ira ɗaya. Ka rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya ƙaramar tayar tsakiya har wani rubutu mai nisa ya fito tar a idon hagu. Sannan ka rufe na hagu, ka juya zoben da ke jikin idon dama shi kaɗai har rubutun ya fito daidai. Shi ke nan, zoben nan ba ka ƙara taɓa shi, da tayar tsakiya za ka yi ta aiki. Mai sa tabarau ya murɗa bakin robar ƙasa.

Abin da ke ba sabon shiga wuya shi ne ya ga tsuntsu da ido, ya ɗaga madubi, ya neme shi ya rasa. Maganinsa kada ka ɗauke ido daga kan tsuntsun, madubin za ka kawo gaban idon. Ka yi ta gwadawa da kurciyoyin unguwa har hannunka ya saba.

Mataki na biyar: inda za ka zauna da yadda za ka isa

Nan ne tafiya ke yin kyau ko ta lalace, don haka zan ɗan tsaya.

Yawancin agwagin nan da dare suke kiwo, a ruwa marar zurfi da gonakin shinkafa, da gari ya waye su dawo buɗaɗɗen ruwa su huta. A Janairu rana kan fito wajen bakwai saura kwata a wannan yanki. Ka yi sallar asuba ka kama hanya, ya zama kana zaune a wurinka kafin haske ya bayyana. Wanda ya riga su zuwa ya zama wani ɓangare na gaɓa. Wanda ya zo bayan sun sauka kuwa, motsinsa za su fara gani.

Rana ta kasance a bayanka. In ka fuskance ta, baƙaƙen inuwoyi kawai za ka gani a kan ruwa mai ƙyalli. A wannan lokaci na shekara tana ɓullowa ne daga gabas ta ɗan karkata kudu, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Wannan ya sa gaɓar kudu maso gabas ta fi kowace. Hasken yana bayanka, iskar tana ratsa ka ta gefe. In ka zauna a gaɓar arewa maso gabas, iska za ta kwashi tarinka da maganarka ta kai musu. Ga kuma wani abu: agwagwa tana fuskantar iska ne in za ta tashi, to in kai ne a ta inda iskar ke fitowa ka tare mata hanyar tsira, hankalinta ba zai kwanta ba. Da yamma sai ka juya lissafin, ka koma gaɓar yamma.

In dole ka matsa kusa da garken da ya riga ya sauka, kada ka nufe shi kai tsaye. Ka bi a karkace, taku kaɗan ka tsaya, kana sa bishiya ko ciyawa tsakaninka da ruwa. Kada ka tsaya a kan tudun gaɓa inda surarka za ta fito a sararin sama. Da ka isa ka shimfiɗa tabarma, ka jingina da gindin bishiya, ka dafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa don madubi ya tsaya cak. Waya a kashe mata ƙara. Nuni da hannu a daina, a faɗa da baki a hankali: ga ta can daidai busasshen reshe, ɗan dama kaɗan.

Su da kansu za su gaya maka in ka wuce iyaka. Da farko za su daina kiwo. Sai wuyoyi su miƙe, kawuna duk su juyo. Sai na bakin gaɓa su shiga ruwa su fara iyo suna nisanta a jere, fiton kirinjijiya ya yawaita. Da ka ga wuyoyi sun miƙe, ka tsaya inda kake, ka zauna, ka sunkuyar da kai. Bayan kamar rubu'in awa za ka ga sun koma gyaran gashi, wasu sun cusa baki cikin fiffike. Zakaran ƙeƙuwa shi ne mai tona asiri. In ya gan ka zai tashi yana ƙara a kanka, duk tafkin ya ji. Ba yadda za ka yi da shi sai ka yi shiru har ya gaji.

Ina roƙon masu ɗaukar hoto musamman: kada a sa yaro ya jefa dutse ko ya tafa hannu don a samu hoton garke a sama. In ka yi haƙuri, shaho mai shawagi a kan ciyawar ruwa, wanda shi ma baƙo ne daga Turai, zai bi ta kansu ya tashe su ba da hannunka ba. Lokacin ka shirya madubi, don a nan ake ganin launin fiffike.

Mataki na shida: gane su

Kada ka fara da launi, hazo da nisa suna ɓata shi. Ka fara da girma, sannan siffar wuya da baki da wutsiya, sannan yadda take cin abinci. Wata a saman ruwa take tsotsa, wata tana kifa kai wutsiya a sama, wata nutsewa take gaba ɗaya, wata kuma a tudu take kiwon ciyawa. Launi shi ne shaida ta ƙarshe.

Ka soma da 'yan gida, domin da su za ka auna baƙin. Kirinjijiya ita ce wadda za ka fi gani, kuma kafin ka gan ta za ka ji fitonta mai gaɓa uku. Fuskarta fara, ƙeyarta baƙa, ƙirjinta ja mai duhu, tana tsayawa a miƙe a kan dogayen ƙafafu, in ta tashi ƙafafun suna zarce wutsiya. Tana da 'yar'uwa mai irin tsayuwarta, amma ita jikinta duk ruwan zuma ne, ba farar fuska, da fararen zane a haƙarƙari da farin baka a gindin wutsiya. Dinya ba ta ɓuya. Ita ce mafi girma cikin agwagin Afirka, baya baƙi, ciki fari, baki da fuska ja, da ƙaho mai tsini a gwiwar fiffike. Akwai wata babba da ba ta kai dinya ba, mai farin kai da wuya da ɗigo-ɗigon baƙi, bayanta baƙi mai sheƙi. Namijinta yana da tsiro a kan baki, wanda ke kumbura da damina ya motse da rani, don haka kada ka jira ganin babban tsiro a Janairu. In ka sami lungun da bado ya rufe, ka bi ganyayen a hankali da madubi. A nan wata 'yar ƙaramar agwagwa take, mai farar fuska da koren tabo a kunne, ƙirji ruwan goro, baki rawaya gajere. 'Ya'yan bado take ci, kuma tana iya zama a gabanka ba ka lura ba sai ta motsa.

Sai baƙin. Wadda ta fi yawa ita ce ƙaramar agwagwa mai farar gira, a littafi za ka same ta da sunan garganey. Ba ta kai kirinjijiya ba, tana zama ƙasa-ƙasa a ruwa, wuya gajere. Namiji yana da farin layi mai kauri da ya tashi daga saman ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya, kai da ƙirji ruwan ƙasa, haƙarƙari toka mai haske. In garke ya tashi, gaban fiffiken mazan yana bayyana fari-fari mai shuɗi, kuma tashinsu da sauri ne, a cure, suna juyawa tare. A Janairu za ka ga wasu mazan girar ta fito rabi, zuwa ƙarshen Fabrairu ta cika. Wannan tsuntsuwa kusan dukkan jinsinta ne ke barin Turai da arewacin Asiya da sanyi, shi ya sa lafiyar fadamu irin namu ta zame mata batun rai.

Mai doguwar wutsiya, pintail a littafi, ta fi ta girma da tsawon wuya. Namiji kansa ruwan ƙasa mai duhu, farin ƙirji ya haura gefen wuya ya zama siririn layi, wutsiya doguwa mai tsini. Ko cikin hazo siffarta kaɗai ta isa. Mai faffaɗan baki, shoveler, bakinta kamar cokalin miya yake, tana tafe tana tace ruwa da shi kai a sunkuye. Namijinta koren kai, farin ƙirji, jan haƙarƙari. Wadda nake so ka sa wa ido sosai ita ce ja mai nutso, ferruginous duck. Jikinta ja ne mai duhu, ƙarƙashin wutsiya fari tas, namiji idonsa fari, in ta tashi farin layi ya ratsa fiffiken. Tana son ruwa mai ɗan zurfi da ciyawa a gefe. Yawanta yana raguwa a duniya, don haka ganinta abin rubutawa ne.

Matan baƙin nan duk ruwan ƙasa ne masu dabbare-dabbare, suna ruɗa har waɗanda suka daɗe a harkar. Ka duba baki da wuya. Macen mai faffaɗan baki bakin ya tona ta, macen mai doguwar wutsiya siririn wuya da kai marar zane, macen mai farar gira kuma fuskarta na da layuka masu haske da duhu da ɗan farin tabo a gindin baki. Wadda ba ka tabbatar ba ka rubuta "agwagwa, ba a tantance ba". Wannan ya fi suna na ƙarya daraja nesa ba kusa ba.

A bakin taɓo za ka ga tarin ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, toka-toka, suna tsince-tsince. Mafi yawansu ruff ne, baƙi daga can arewacin Rasha da Turai, mazan sun fi matan girma a fili. Ga zalɓe, ga balbela, ga jinjimi, wani lokaci kwasakwasa. Shamuwa kam kada ka neme ta, da damina take zuwa, yanzu tana kudu. Gauraka ta yi ƙaranci ƙwarai saboda kamu da lalacewar fadamu. In Allah Ya nuna maka ita, ka rubuta wuri da adadi, kada kuma ka bayyana takamaiman wurin a Facebook, masu kama ta ma suna karantawa.

Mataki na bakwai: ƙidaya da rubutu

Tsakanin ƙarfe takwas da goma ne lokacin ƙidaya, sun sauka sun natsu, zafi bai fara sa iska rawa a kan ruwa ba. Ka fara bin garken gaba ɗaya da madubi sau ɗaya ka yi ƙiyasi, ko da za su tashi kafin ka gama. Sannan ka ɗauki jinsi ɗaya ka bi daga hagu zuwa dama. In ba su da yawa, ɗaya-ɗaya. In suna da yawa, ka ƙirga goma ka ga faɗin wurin da suka ci, sai ka riƙa aza wannan faɗin a kan sauran: goma, ashirin, talatin. In dubbai ne, ka yi da hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Ka sa wata alama a tsallake, bishiya ko turken masunta, don ka san inda ka tsaya. In ku biyu ne kowa ya ƙirga nasa a ɓoye sannan ku gwada. Ido yakan rage yawan babban garke, ba kasafai yake ƙarawa ba.

A littafinka ka sa kwanan wata, sunan wuri, lokacin farawa da gamawa, yanayin hazo da iska, yawan ruwa a tafkin, sannan jinsi da adadi. Ka rubuta a wurin, kada ka bari sai ka koma masauki. Ka ƙara da abin da ka gani na mutane: jirage nawa, shanu sun sauko ko ba su sauko ba, an ji harbi ko ba a ji ba.

Mataki na takwas: jirgi, jama'a da lafiyarka

A Tafkin Nguru da mashigar Marma sai da kwale-kwale ake ganin abin kirki. Ka bi ta hannun sarkin ruwa, ku yi ciniki tun a tudu, ka zaɓi na tuƙi da sanda ba mai inji ba. Ka sa rigar kariya daga nutsewa, ka zauna ƙasa, kada ka miƙe. Ka gaya wa matuƙin tun farko: "Malam, ba so nake mu kai gare su ba, in ka ga sun ɗaga kai ka tsaya." A kauce wa raga da gurar mutane. A cikin Dagona kuwa ba a sa jirgi sai da yardar ma'aikata.

Za ka ga kachala ta cinye wurare masu yawa, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa tun da madatsu suka sauya yadda kogi ke cika da janyewa. Ta rage buɗaɗɗen ruwan da agwagi ke so, ta hana masunta wucewa, ta zama maɓoyar jan baki mai cinye hatsi. In manomi ya ce maka tsuntsayen da kake sha'awa suna yi masa ɓarna a shinkafa, ka saurare shi, gaskiya yake faɗa. Fadamar nan abincin dubban gidaje ce. In ka ci karo da mafarauci a cikin gandu kada ka yi jayayya da shi, ka sanar da ma'aikaci. Kada ka sayi tsuntsu mai rai ko da niyyar sakinsa, sayen ne ke sa a kamo wani gobe.

Kada ka shiga ruwan da ƙafa, kada ka yi wanka a ciki, akwai tsargiya a irin waɗannan ruwaye masu kwanciya. Ka kwana cikin gidan sauro ko da sanyi ake. In ka ga mataccen tsuntsu, balle da yawa wuri guda, kada ka taɓa, ka gaya wa ma'aikatan gandu ko likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya tun 2006 kuma tana dawowa lokaci-lokaci. In kana kiwon kaji, ka wanke takalminka da sabulu kafin ka shiga wurinsu.

Mataki na tara: inda za ka kai abin da ka rubuta

Kowace shekara a tsakiyar Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama lokaci guda, aikin da aka fara tun 1967, ƙungiyar Wetlands International ke haɗa sakamakon. Fadamun Haɗeja da Nguru suna cikin wuraren da ake ƙirgawa, Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta daɗe tana aiki a yankin. In tafiyarka ta dace da lokacin, ka nemi a tafi da kai. Safiya ɗaya kusa da wanda ya iya ta fi wata guda kana fama kai kaɗai. Akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta, inda kowa ke iya tura abin da ya gani ta manhajar BirdLasser. Manhajar eBird ma tana karɓar jerin da ka rubuta.

Ka tambayi masunta da mafarauta ko sun taɓa samun tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa. Sukan samu, wasu ma suna ajiye zoben. Masu bincike ne suka saka shi a ƙasar da aka kama tsuntsun, a jikinsa akwai lamba da sunan gari ko cibiya, na Rasha za ka ga an rubuta Moskva. Ba sai ka karɓe zoben ba. Ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe har lambar ta fito duka, ka rubuta inda aka same shi da lokacin gwargwadon abin da mai shi ya tuna, ka shigar a shafin ring.ac na ƙungiyar masu sa zobe ta Turai. In kuma a madubi ka hango tsuntsun bakin ruwa da zobba masu launi, ka rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu dabam, ta dama dabam. Sukan aiko da amsa mai ɗauke da wurin da aka sa zoben da ranar da aka sa, sai ka kira mai zoben ka karanta masa.